Milimita Bakwai

Sun rataya min kati a wuya.
Sunana Lurwanu, sun rubuta Marwan.
Ban yi musu ba: layin gahawa ya fi layin gyara gajarta.

Zauren otal a Jidda, sanyin esi har ɓargo,
mu ɗari huɗu, kowa da jakar kyauta
da biron da ba ya rubutu.
Bahar Maliya na bayan gilashi, shiru,
kamar ita ma zana ta aka yi aka manna.

Injiniya Ruwaida ta hau dandamali,
sa'ar 'yata ta biyu,
ta ce ga sigar manhajar bana.
Ta taɓa linzami sau uku,
bene hawa arba'in ya tsiro a majigi
da bututunsa, da wayoyinsa, da lissafin siminti,
har inuwar da zai yi ran Talata da la'asar.
Aka tafa. Ni ma na tafa.
Shekara tara na yi ina kankare kuskure da reza
a takarda mai shara-shara,
na san darajar abin da ke mayar da kai baya
ba tare da ya huda zanen ba.

Sai ta ce daga yau layi ba zai ƙara karkacewa ba,
manhaja za ta hango nufinka, ta miƙe shi
tun hannunka bai gama rawa ba.

Nan hantar cikina ta kaɗa.

Wata uku ke nan ina awon wani roshan a Balad,
tagar katako mai leƙo kan titi,
aikin kafintan da ba wanda ya riƙe sunansa.
Amm Siraj mai gadin gidan
yana riƙe min tsani, yana tari.
Sandunan ƙasa sun kauce da milimita bakwai.
Na ce tsufa ne, gishirin teku ya ci itace.
Ya ce zauna nan. Na zauna a mazaunin tulu.
Sai ga iska ta lanƙwaso ta wannan karkata,
ta sauka daidai wuyan tulun, daidai wuyana.
Ya ce kakarsa ba ta taɓa shan ruwan ɗumi a ɗakin nan ba.

Na koma ofis na shigar da bakwai ɗin.
Manhaja ta mayar da shi sifili.
Na sake. Ta sake,
har da ɗan jan rubutu: an gyara maka.
Kamar yaron da ke gyara wa kakansa karin magana.

To, da aka ce tambaya, na ɗaga hannu.
Lasifika ta iso tana kuka.
Na ce ranki ya daɗe, ina madannin
da zan gaya mata wannan kuskuren na gado ne?

Aka yi dariya, ba ta raini ba sosai.
Ita ba ta yi ba.
Ta juya wajen Bajamushen kamfani,
suka yi ƙus-ƙus, ya ɗaga kafaɗa:
akwai, can ƙasan saiti, ƙofa ta biyar,
amma duk sabuntawar da ta zo sai ta rufe ta.
Ya ce zai rubuta.
Biron jakar kyauta ne a hannunsa.

Bayan azahar, wajen shinkafa da rago,
ta same ni da farantinta.
Ta ce gidan kakanta yana bayan Bab Makka,
an rushe shi tana 'yar shekara shida,
ba ta tuna komai sai sanyin bakin taga.
Ta ce turo min fayil ɗin.

Na ce fayil ɗin maƙaryaci ne, sifili ne a cikinsa.
Na zaro littafin aljihu, gumi ya cinye gefensa,
na yage shafin: bakwai ɗin da fensir,
da tulun da na zana don kar na manta.

Ta ninke ta soke a bayan katinta.
Aka kaɗa ƙararrawa, zama na gaba
kan kuɗin lasisin baɗi.
Na tsaya na cika aljihu da dabino
saboda Amm Siraj.
Gobe da sassafe akwai hawan tsani,
saura tagogi goma sha ɗaya.